Shekarar da Turanci Ya Shiga Turmi

Takardar yabo ɗaya tak aka taɓa ba ni a duk tsawon aikina na koyarwa. Har yau tana rataye a ɗakin Inna a Gumel, cikin gilashi, kusa da kalanda. Inna ce da kanta ta kai aka sa mata gilashin, kuma duk baƙuwar da ta shigo sai an nuna mata, ko ta iya karatu ko ba ta iya ba. Ni kuwa idan na shiga ɗakin, inda zan ba takardar baya nake zama.

Da na gama karatun malanta, wata firamare aka tura ni a wani ƙauye gaba da Sule Tankarkar. Daga Gumel sai an shiga motar haya a sauka a bakin titi, sannan ɗan acaɓa ya kutsa da mutum cikin rairayi. Inda babur ya kafe, fasinja ya sauka ya taka. Ba tafiyar da za a yi kullum ba ce, saboda haka hedimasta ya ba ni ɗaki a cikin gidansa, wurin matarsa. Litinin da sassafe in tafi, Juma'a bayan an tashi in dawo. Mijina harkar dabbobi yake yi, rabin makonsa a Maigatari yake ƙarewa, don haka shi bai ga wani abin tashin hankali a wannan tsari ba.

Watan farko da 'yata na tafi, tana goye a bayana. Ruwan rijiyar garin bai karɓe ta ba, kullum ciki, kullum zazzaɓi. Lokacin yaye ma ya yi, sai na yi abin da kowa ke yi, na kai ta wurin Inna. Da niyyar 'yan makonni na kai ta.

"Bar mini ita," in ji Inna. "Ranar da kika dawo gari kin ɗauki abarki."

Ta faɗi haka kamar dawowa gari a hannuna take. Ni ce 'yarta ta fari, ba ta taɓa kiran sunana ba, kuma tun ranar da na sami aiki ta huta da neman abin da za ta kira ni da shi. Malama kawai take cewa. A kawo wa Malama ruwa, a shimfiɗa wa Malama tabarma. A lokacin daɗi abin yake mini.

Na rubuta takardar neman a dawo da ni Gumel, na kai wa hedimasta. Dattijo ne mai haƙuri, ya karanta ta har sau biyu, ya gyara mini waƙafi a wuri guda.

"Malama, irin wannan takarda a ofis buhu-buhu ce," ya ce. "Wanda mai duba makarantu ya yaba, shi ake saurara. Zai zo ƙarshen zango na biyu. Ki nuna masa abin da zai tuna ki da shi."

Na yi masa godiya. Har yau ban yarda da nufin cuta ya faɗa mini ba. Iyakar abin da ya sani ke nan.

Aji biyar aka ba ni, Turanci. Manhaja ta ce a wannan zango yara su iya ba da labarin abin da ya wuce. A Hausa wannan ba aiki ba ne: na ci, zan ci, muka ci, ita kalmar ci tana nan zaune inda aka ajiye ta. Turanci kuwa sai an taɓa jikin kalmar. Na fara musu da masu sauƙi. Na ce ga wasu haruffa biyu da ake liƙawa a wutsiya, play ya zama played, cook ya zama cooked, wash ya zama washed. Cikin mako guda suka kama. Na koma Gumel ranar Juma'ar nan ina jin kaina, har na fara tunanin wace makaranta zan zaɓa a cikin gari.

Mako na gaba na shigo musu da sauran. Na ce go ba ya karɓar wutsiyar nan, went yake zama. Buy ya koma bought, eat ya koma ate. Suka dube ni, suka dubi allo, suka kwafa tsaf. Da na ba su aiki sai ga goed, ga buyed, ga eated, littafi bayan littafi. Na zauna da jan biro ina ta soka, raina yana ɓaci, alhali can ƙasan zuciyata na san sun fi ni gaskiya. Doka na ba su suka bi, ni ce na dawo daga baya na ce dokar ba ta hau kan kowa ba.

Akwai wata yarinya doguwa da ke zama a bencin baya, ta fi kowa tsayi da shekaru a ajin, ba ta magana sai ta auna. Ita ce ta ɗaga hannu.

"Malama, to ta ina ake gane masu bin doka da marasa bi?"

"Ba a ganewa," na ce. "Haddacewa ake yi."

"Har su Turawan?"

"Har su."

Ta gyaɗa kai a hankali. A fuskarta na ga tausayin Turawa ne ya kama ta.

Babu abin da ban gwada ba. Na yanka kwali na rubuta kalmomin, na liƙa a bango. Ajin ba shi da ƙofa, kafin Litinin awaki sun cinye rabi, kuma ban ga alamar Turancin ya amfane su ba. Na sa yara su tashi su yi tsalle, su zauna, su faɗi abin da suka yi. Suka ji daɗin tsallen. Na yi faɗa, na yi lallashi, na yi alkawarin alewa. Yau su riƙe biyar, gobe uku sun zube.

Malamin aji shida yana kallona daga gindin dalbejiya, inda yake ajiye kujerarsa da rediyonsa. Shi ma ɗan Gumel ne, amma makonsa daga Talata yake farawa ya ƙare Alhamis. Mutum ne mai fara'a, ba ya gaba da kowa, har da aikinsa.

"Malama, kina wahalar da kanki," yakan ce mini. "Yaran nan da Hausa za su sayar da gero."

Wata ranar Laraba da la'asar ina zaune a tsakar gidan hedimasta ina duba littattafai. Matarsa da maƙwabtanta biyu suna lugude, taɓarya uku a turmi ɗaya, wannan ta sauka wannan ta tashi, wani lokaci a cilla taɓarya sama a tafa a cafe. Ni kuma ina bin jerin da ke bayan littafin malami, inda aka jera kowace kalma kashi uku. Ban san lokacin da bakina ya fara bin taɓaren ba. Take, took, taken. Give, gave, given. Kowace taɓarya da kalmarta, ba ragi ba ƙari.

"Malama, me kike ta ƙunƙuni?" in ji matar hedimasta.

"Yaya, ku ci gaba, kada ku tsaya," na ce mata.

Washegari na raba ajin layi uku. Layin farko su bugi benci su faɗi kalma ta farko, na biyu su amsa da ta biyu, na uku su rufe. Na zaɓi kalmomi arba'in na jera su kamar yadda littafin ya jera, daga begin har zuwa write. Abin da na yi wata biyu ina fama da shi, cikin mako biyu ya zauna daram. Ba wanda na daka, ba wanda na ba alewa. Har waɗanda ba sa zuwa sai an biyo su gida suka fara riga ni zuwa.

Abin da ban yi lissafinsa ba shi ne 'yan matan za su tafi da shi gida. Su ne masu taya iyayensu daka. Kamar da wasa, sai na fara jin karatuna yana tashi daga bayan danga. Matan garin suka karɓe shi, suka gyara shi daidai bakinsu: tek, tuk, tekin, gib, geb, gibin. Inda suka fi so shi ne kot, kot, kot da fut, fut, fut, wai nan ne ake ɗan hutawa. Matar liman ta aiko a tambaye ni ko akwai zagi a ciki, don ba ta son ta riƙa faɗin abin da ba ta sani ba a kan abincin da mutane za su ci. Na je da kaina na fassara mata: wannan ɗauka ne, wannan bayarwa, wannan sha, wannan barci.

"Ashe su ma abin da muke yi suke yi," ta ce, ta koma kan turminta.

A Gumel kuma wani karatun ake yi mini. In na iso ranar Juma'a, 'yata sai ta ɓuya a bayan zanen Inna tana leƙena. Asabar da hantsi ta yarda in ba ta abinci. Lahadi ta yi barci a bayana. Litinin in sulale tun ba ta farka ba, Juma'a mu sake daga farko. Ina dariya a gaban Inna, amma a cikin mota nake kukana, in juya fuska wajen taga in ce iska ce.

Saura mako guda mai duba makarantu ya zo, na ce bari in gwada su in gani. Na ta da doguwar yarinyar nan, don ita ce gwanar ajin, na tambaye ta da Turanci me ta ci jiya. Ta rufe ido. Ta fara buga cinyarta da tafin hannu. Begin, began, begun. Ta bi layi tiryan-tiryan, ba ta tsallake ko ɗaya ba, har ta iso kan eat, ate, eaten. Nan ta tsaya, ta buɗe ido, tana jiran in ce madalla.

"To wanne ne a ciki?" na tambaye ta.

"Duka, Malama. Ai tare suke tafiya."

Na gwada wasu biyar, duk haka. Babu wanda zai iya ciro kalma ɗaya daga tsakiya sai ya faro daga sama, kuma babu wanda zai iya sa ta cikin magana. Waƙar daka na koya musu, mai daɗi kuwa, amma ba Turanci ba. Na san abin da ya kamata in yi: in dakatar da bugun benci in koma aikin nan mai cin rai, jimla ɗaya bayan ɗaya. Na kuma san mai duba makarantu ba zai tuna malamar da yaranta ke in'ina a kan jimla ɗaya ba. Na ji kunya, amma gida nake so. Makon nan gaba ɗaya lugude muka yi, har na ƙara musu tafi a ƙarshen kowane layi.

Ranar da zai zo, babur ɗinsa ya kafe a rairayin bakin gari. Dole ya turo shi ta cikin lunguna, da hantsi, daidai lokacin da kowane gida ake dakan fura. Saboda haka kafin ya ga makaranta, kafin ya ga ko yaro ɗaya, ya riga ya ji Turanci yana fitowa daga bayan kowace danga, daga bakin matan da ba su taɓa shiga aji ba. Ya iso yana gumi, dattijo mai furfura da biro uku a aljihun gaba, yana waige kamar wanda ya yi ɓatan hanya.

"Hedimasta, wa ya yi wannan aiki?" Ita ce tambayarsa ta farko, ko gaisawa ba su gama ba.

Hedimasta ya nuna ni da hannu biyu.

Aka shiga ajina. Na ɗaga hannu, yara suka ɗauka. Yara arba'in da wani abu suna amsawa tare, kwanon rufi yana karkarwa. Na saci kallonsa na ga ƙafarsa tana bin bugun. Da suka dire, ya gyara murya ya ce zai yi tambaya ɗaya. Ya tambayi yadda drink yake komawa in abin ya wuce. Sai doguwar yarinyar ta bugi benci, duk suka bi ta. Begin, began, begun. Suka zo kan drink suka wuce ta a guje, ba su tsaya ba sai a write. Na sunkuyar da kai ina jiran hukunci.

Da na ɗago sai na ga ya cire tabarau yana goge ido.

"Ɗaya na tambaya, suka ba ni arba'in," ya ce. "Na kusa ritaya, ban taɓa ganin irin wannan ba."

Daga nan ya leƙa aji shida. Ranar Litinin ce, saboda haka kujera kawai ya tarar a gindin dalbejiya. Ya rubuta wani abu a littafinsa.

A ofishin hedimasta aka kawo masa fura, wadda na tabbata da Turanci aka daka ta. Zuciyata ta ƙi ba ni sukuni, na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, gaskiya hadda ce kawai. Ba su iya sa kalmomin cikin magana ba tukuna."

Ya juya wajen hedimasta yana murmushi. "Ka ji ko? Ga aiki, ga ƙanƙan da kai. 'Yata, da duk malamanmu haka suke da mun huta."

Na tuna masa da takardata. Na ce ina da ƙaramar yarinya a Gumel.

"Na ga takardarki," ya ce. "Ki bar mini komai a hannuna."

Na bar masa. Ranar Juma'a na gaya wa Inna ta fara haɗa kayan yarinya.

Bayan hutu, ambulan biyu suka iso makaranta rana ɗaya. Na buɗe tawa a tsaye. Takardar yabo ce, da hatimi, da sa hannu mai kyau. An yaba ƙwazona da basirata. An ce tasirin aikina ya wuce aji ya shiga cikin gari, har iyaye mata sun amfana. Saboda haka, a sakin layi na ƙarshe, an ga bai dace a katse wannan alheri ba, zan ci gaba da zama a inda nake, kuma za a riƙa turo malamai daga wasu makarantu su zo su ga yadda nake yi.

Ɗaya ambulan ɗin ta malamin aji shida ce. Shi an same shi da sakaci, don haka an mayar da shi Gumel, kusa da ofis, inda za a sa masa ido. Makarantar da aka tura shi tana bayan gidan Inna. Daga tsakar gidanmu ana jin ƙararrawarta.

Ya zo yi mini sallama da rediyonsa a hammata, fuskarsa a dame, kuma ba wasa yake ba.

"Malama, ki taya ni da addu'a," ya ce. "An ce kullum sai na je."

Na ce Allah ya ba shi ikon jurewa. Ban san inda na samo wannan ladabi ba, don abin da ke bakina daban ne.

Hedimasta ya yi kwana uku ba ya haɗa ido da ni. Mai gari ya aiko mini da zabi biyu na murna. Matar hedimasta ce kaɗai ta gane, ta shigo ɗakina ta zauna tare da ni, kuma ranar ita kaɗai ta yi dakanta, shiru, a bayan ɗaki.

Shekara uku na ƙara a garin. Na sake rubuta takarda sau biyu, kowane lokaci amsar tana farawa da yabo. Malamai suka zo daga wajen Gagarawa, wasu daga ƙauyukan Maigatari, da littattafansu, na tsaya a gabansu na raba aji uku na nuna musu yadda ake buga benci. In na ce musu wannan ba ya koya wa yaro magana, sai su rubuta har da wannan, su yi mini godiya. In sun tafi sai in rufe bakin ajin da tabarma mu koma aikin gaske. Jiya me ka yi, jiya ina kika je, ɗaya bayan ɗaya, har in ji muryata ta dushe. Sai da zangon da takardar yabon ta zo a cikinsa ya kusa ƙarewa doguwar yarinyar ta tashi wata rana, ba ta bugi komai ba, ta ce da Turanci jiya ta je kasuwa ta sayo gishiri. Went ta ce, bought ta ce, kowacce a wurinta. Na yi murna ƙwarai, na kuma tabbata babu mai ba ni takarda a kan wannan.

Canjin ya zo ne lokacin da na daina jiransa, bayan dattijon nan ya yi ritaya an kawo wanda bai san ni ba. Layi biyu ne kawai, babu yabo ko ɗaya. Na ɗaure kayana, matan garin suka rako ni har bakin rairayi.

Washegari da safe na yi wanka, na sa atamfata mai kyau, na tafi gidan Inna ɗaukar 'yata. Ta kusa shekara shida a lokacin, har an sa ta a makarantar bayan gida. Inna ta cika alkawari, ta riga ta ɗaure mata kayanta a ɗankwali, ta ajiye a bakin gado, ƙarƙashin takardar nan mai gilashi. Yarinyar ta shigo, ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ni, gaisuwa mai kyau irin wadda ake koya wa yara su yi wa manya. Na miƙa hannu, ta ba ni nata, ba gardama. Sannan ta juya wajen kakarta.

"Inna, kwana nawa zan yi a gidan Malama?"

Inna ta juya. Ta ɗaga kai tana kallon bango, ta ce gilashin nan ya yi ƙura, ya kamata a goge. Na ɗauki ƙullin kayan, muka fito ina riƙe da hannunta, tana ta waiwayen ƙofa. Yanzu ta girma, mun shaƙu, har sirrinta takan gaya mini. Malama take kirana har yau.